Kada Ki Sa Hannu

Zuwa ga ƙanina Auta,

Ka yi mini afuwa da zan ɗauke maka hankali da doguwar takarda, alhali na san aikinka ba ya barin mutum ya zauna. Da maganar waya ce da na kira, amma ka san halina, da na ji muryarka sai in manta rabin abin da na shirya faɗa.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maman 'yan biyu da yaran. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna duk sanda zan miƙe daga sujada. Goggo ta warware daga zazzaɓin nan, har bakinta ya dawo. Ka san kuwa in bakin Goggo ya dawo, to lafiya ta samu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mako biyu da suka wuce wasu mutum huɗu suka zo cikin farar mota, da wani abin awo mai ƙafa uku, suka yini suna leƙe ta cikinsa. Da suka tafi sai muka tarar da turaku masu jan fenti a ka, an kakkafa su tun daga bakin titi har gangaren rafi. Gonaki goma sha ɗaya suka zagaye. Tamu ce ta farko, ita ce a bakin titi, kuma an ce ta cikinta manyan motoci za su riƙa shiga. In babu ita babu hanya.

An tara mu a ajin makarantar firamare, manya-manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa har haɓa. Wakilin kamfanin ya ce masana'antar sake sarrafa roba za su gina: a kawo gorunan ruwa da leda da fasassun bokitai, a wanke, a niƙa, a narkar, a yi sababbi. Goggo ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya ta ce, "Yaro, ruwan wankin fa? Shi ma narkar da shi za ku yi, ko shanyewa za ku yi?" Aka yi dariya. Ya ce za a haƙa masa rami. Ta ce, "Mu ma rami muka haƙa, rijiya muke ce masa."

Da muka fito na dubi ƙofar motarsu, sai na ga tambarin da ke aljihun rigarka ta aiki. Ban faɗa wa kowa ba, amma ba ni kaɗai ke da ido ba.

Yanzu takardu biyu ke yawo a gari. Ɗaya ta kamfani, ta wanda ya yarda a karɓi gonarsa a ba shi diyya. Ɗaya ta mutanen gari, ta ƙin yarda, Tela ne ya rubuta ta, shi ke bi gida-gida da ita. Ofishin filaye ya ba da wata biyu, duk mai ƙorafi ya kai kafin a rufe.

Ni ban ce aikin nan mugu ba ne. Akuyata da ta mutu bara, da aka feɗe ta leda aka samu cunkushe a cikinta, don haka mai kwashe leda daga ƙasa ba maƙiyina ba ne. Amma rijiyar tana kusa, Auta. Gonar kuma gadonmu ce mu biyu, kashi biyu naka, ɗaya nawa, ba zan motsa a kanta ba sai da saninka. Kai ka san aikin daga ciki. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Taka,
Yaya

*

Yaya,

Direba ya kawo mini takardarki a bakin ƙofar ma'aikata, a tsaye na karanta, a tsaye nake ba ki amsa, ki yi haƙuri da rubutun. Lafiyarmu ƙalau. 'Yan biyu sun shiga makaranta, ɗaya yana kuka in an kai shi, ɗaya yana kuka in an ɗauko shi. Mamansu tana gaishe ki. Gwiwar nan ki rage mata ɗaukar ruwa. Ki ce wa Goggo na ji labarin rami, da ita kamfani ya ɗauka wakiliya da tuni magana ta ƙare, ko ta nan ko ta can.

Zancen gona na ji, mu ma nan muna jin ƙishin-ƙishin ɗinsa. Kada ki sa hannu, Yaya, har sai na zo. Ƙarshen watan nan ina tafe in Allah ya yarda, mu zauna.

An buga ƙararrawa.

Auta

*

Zuwa ga ƙanina Auta,

Ina gaishe ka da fatan alheri. Mako shida ke nan da samun takardarka. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, na share ɗakin Baba na shimfiɗa maka tabarma, ba ka zo ba, wayarka kuma a kashe. Allah ya sa lafiya. Mu nan jikinmu lafiya.

Na riƙe maganarka. Ka ce kada in sa hannu, ban sa ba, na tsame kaina daga zancen gaba ɗaya. An yi taro uku, ban je ko ɗaya ba. In aka ɗauko maganar a bakin rijiya sai in ɗauki bokitina ko bai cika ba. Na ce wa kaina ƙila ka san wani abu da ban sani ba, ƙila shigata ciki za ta jawo maka matsala a wurin aiki.

Tela ya zo da takardarsa sau uku. Masu gonaki goma duk sun sa suna, har da Mahauci da da farko ya ce shi diyya yake so. Zuwan ƙarshe bai ma zauna ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, saura ke kaɗai."

Na ce, "Gonar ba tawa ce ni kaɗai ba. Mai kashi biyu ya ce in dakata."

Ya ce, "Mai kashi biyun a ina yake cin abinci?"

Ya naɗe takardarsa ya ce Allah ya ba mu alheri, amma ba irin faɗar da ya saba ba.

Matan da ke zuwa karatu wurina bayan la'asar ka san su tara ne. Yanzu biyu ke zuwa, ɗayarsu ma kunnenta bai cika ji ba, ina zaton labarin ne bai kai gare ta ba. Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. A da mace za ta tsaya ta tambaye ni gwiwa, ta tambaye ni kai, yanzu "sannu Malama" ce a tafe. Allunansu na nan jingine a zaure inda suka bar su, kullum ina kaɗe musu ƙura.

Goggo kam ba ta gajarta komai ba. Ta zo ta zauna a kan turmi ta ce, "Ke da kike koya wa mutane karatu, takarda guda ta gagare ki? Ubanku shekara arba'in yana tsince duwatsu daga gonar nan da hannunsa, ku kuma ku zauna a zuba mata siminti." Na ce mata umarnin ƙanina nake bi. Ta ce, "Wanda kika goya? To Allah ya ƙara masa girma."

Shekaranjiya wakilin kamfanin ya zo da kansa. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi, ya sha ruwan da na ba shi, na rijiyar nan. Ya ce gonar da ba ta kai ƙorafi ba, a wurin ofishi ba ta ƙi ba ke nan, kuma in suka samu hanya ta tamu, sauran goman za su bi a hankali. Sannan ya ce ya san ka. Ya ce kai ma'aikacinsu ne na kirki, in an gina, irinku za a dawo da su gida su riƙe sashe.

Ba zan ɓoye maka ba, da ya faɗi haka zuciyata ta motsa. Shekara tara kana can. 'Yan biyu a hoto na san su. Na tsaya a tsakar gida ina ganinka kana shigowa da yamma da rigar aiki, yaran suna bin kaji, har sai da na yi istigfari, don na ga ina sayar da ruwan gida arba'in a cikin raina.

Auta, ba tuhumarka nake ba, tambaya nake. In wannan ce hanyar da kake so ka dawo gida ta cikinta, ka faɗa mini a fili, in san abin da nake ɗauke da shi. Shirun da nake yi yanzu ban san na wane ne ba. Saura kwana goma sha shida a rufe karɓar ƙorafi.

Taka,
Yaya

*

Yayata,

Na karanta takardarki sau biyu, na kasa cin abinci. Kwana biyar ta yi a wurin mai gadi kafin maman 'yan biyu ta karɓo. Ba na wurin aiki, mako uku na yi a asibiti, ƙirji ne. Yanzu ina gida, da sauƙi, ina hawa matakala ba tare da na tsaya a tsakiya ba. Na hana a gaya miki don kada ki taso da gwiwar nan. Wayar kuma ni na kashe, in kin ji tarin ba za ki yarda da "da sauƙi" ba.

Yaya, takardar kamfani nake nufi. Kada ki sa hannu a takardar kamfani, shi ke nan abin da na so faɗa. Ban ce ki janye daga mutane ba, ban ce ki juya wa Tela baya ba.

Amma tunda kin tambaye ni a fili, ga sauran. Da na gama rubutawa na sake dubawa kafin in naɗe, na ga maganar tana iya ɗaukar fuska biyu. Na san ki, na san wadda za ki ɗauka, ke da in aka ce kada ki taɓa ƙofa ko inuwarta ba za ki taka ba. Biro yana hannuna, kalma uku zan ƙara. Na naɗe na ba Direba. A makon ne shugaban sashenmu ya kira ni ya yi mini zancen komawa gida. Na ce wa kaina ai ban ce miki komai ba, in abin ya tafi da kansa ba ni na tura shi ba. A gadon asibiti na samu lokacin duba wannan dabara tawa, ban ji daɗin ganinta ba. Ki yafe mini. Matanki bakwai ni na kore su.

Kin ce na san aikin daga ciki, to ga shi. Rumfa ce doguwa ta kwano. Motoci suna juye kaya a ƙofa, mata suna tsaye gefen bel mai tafiya da kayan suna tsince, fari nan, mai launi can. Daga nan sai injina, ni nake ba shi yana niƙawa, ƙurar tana tashi kamar gari, ƙyallen hanci ba ya tare ta duka. Sannan a zuba a tankunan wanki da soda. Mutum ɗari biyu ke ci daga rumfar nan, kuma kwatocin birnin nan sun fi da tsabta saboda mu, wannan gaskiya ne, ba na jin kunyar aikina. Amma ruwan da ke fita daga tankunan toka-toka ne mai kumfa. Akwai rami, kamar yadda wakili ya faɗa. Da rani yana riƙewa. Da damina yana cika ya tumbatsa ya bi gangare. Gidajen da ke bayan katangarmu sun daina shan rijiyoyinsu shekara huɗu ke nan, wanki kawai suke yi da su. A wuri mai dutse nesa da ruwa, da ni zan fara cewa a gina. A saman rafinmu, a'a.

Ki je wurin Tela ki rubuta sunanki. Abu ɗaya nake roƙo, kada sunana ya fito, kada kuma a karanta wa kowa takardar nan. In ta kai kunnen kamfani, ranar zan ajiye rigar, ga yara, ga magani.

Ki gaida Goggo. Ki ce mata wanda aka goya ya ji saƙo.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga ƙanina Auta,

Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Da na karanta zancen asibiti sai da na ajiye takardar na zauna tukuna. Kada ka sake ɓoye mini ciwo. Gwiwa tawa ce, ni zan san yadda zan yi da ita a mota. Ka gode wa maman 'yan biyu a madadina, ita ta ɗauki nauyin da ya kamata mu raba.

Maganar yafiya, na yafe tun kafin in kai ƙarshen layin. Ni ma ina da nawa. Mako shida ina zaune a kan kalma ɗaya, ban sake rubutowa na ce me kake nufi ba. Ina ganin ban tambaya ba ne don ina tsoron amsar, kuma wani ɓangare na zuciyata yana son abin ya tafi da kansa, kamar yadda ka ce. Kai ka bar ƙofar a buɗe, ni kuma na ga a buɗe take na kau da kai.

Ranar da takardarka ta iso saura kwana uku. Na yafa mayafi na tafi shagon Tela. Yana kan keke yana ɗinkin rigunan makaranta, da ya gan ni ƙafarsa ta tsaya. Na ce na zo sa suna. Ya jawo takardar daga ƙarƙashin yadi ya miƙo mini da biro.

Na ce bari in karanta tukuna. A layi na huɗu an rubuta, "Mun gani da idonmu yadda irin wannan masana'anta take kashe rijiyoyi." Na ce, "Tela, ni ban gani ba. Kai ka gani?"

Ya ce, "Kowa ya sani."

Na ce, "Sani daban, gani daban. Wannan shaida ce, za a tambaye ni ita."

Ya dafe kai ya ce, "Malama, wata biyu muna bin ki, saura kwana uku, yau kuma gyaran jimla kika zo yi mana?"

Na roƙi farar takarda, na zauna a kan bencinsa na rubuta abin da idona ya gani. Cewa daga turken ƙarshe zuwa bakin rijiya taki ɗari da talatin ne, da ƙafata na auna, kuma takina gajere ne. Cewa duk damina ruwan gonarmu gangarawa yake ya faɗa rafi, tun ina yarinya nake ganinsa. Cewa gida arba'in ke sha daga nan, na jera su. Cewa ban ƙi aikin ba, wurin na ƙi. Na sa sunana a ƙasa. Ya karanta, sannan ya ɗauki allura da zare ya ɗinke ta a saman tasu. Ya tambaye ni ko ka rubuto. Na ce ka rubuto, abin da ke ciki kuma amana ce.

Washegari muka tafi ofishin filaye, ni da shi da Goggo, wadda ba wanda ya gayyace ta. A nan ne abin da ya sa nake rubuto maka ya fito. Akawun ya buɗe babban littafinsu ya bi da yatsa, ya ce gonarmu suna biyu ne a kanta. Ƙorafina ya shiga, amma na kashi ɗaya cikin uku ne. Mai kashi biyu bai ce komai ba, kuma a ƙa'idarsu gona tana bin mai rinjaye. Wato yadda take a yau, gonar Baba ba ta ƙi ba.

Na ce masa kana nesa kuma ba ka da lafiya. Ya shiga ciki ya fito, ya ce an ƙara mana kwana goma saboda haka, ya ba ni fom ɗin da ka gani a naɗe cikin takardar nan. Na tambaye shi ko ana iya ɓoye sunan mai ƙorafi. Ya ce a'a, ana liƙa sunayen a allon ƙofa, ana kuma aika wa kamfani kwafi. Na sake tambaya ta wata hanyar, amsar ba ta canza ba.

A mota muna dawowa Goggo ta matso ta ce, wai a hankali, amma har direba ya ji, "Ke kika koya masa riƙon alƙalami, hannunsa ai naki ne. Ki cike masa fom ɗin mana. In sun tambaye shi ya ce bai sani ba, ya kuwa yi gaskiya."

Na ce ba zan iya ba.

Ta ce, "Wannan tsoron Allah naki sai ya shayar da mu ruwan sabulu."

Ƙila ta fi ni dabara. Amma ba zan sa sunanka inda ba ka sa ba, ba kuma zan ɗora maka abin da zai iya raba ka da aikinka kana kwance ba ka sani ba. Takardarka ba wanda ya gani, tana cikin akwatina.

To ga yadda abin yake, ba zan rage maka komai ba. In ka cika fom ɗin, za su ga sunanka, zancen riƙe sashe ya tafi, ƙila har aikin. In hakan ta faru, gonar tana nan, masarar bana ta yi kyau, ɗakin Baba kwanon rufi biyu kawai yake so, makaranta kuma ba nisa. Ba zan ce maka zai yi sauƙi ba, ka san abin da gona ke bayarwa da abin da ba ta bayarwa, asibiti kuma ya fi kusa da kai a can. In ba ka cika ba, ka maido mini shi fari yadda yake. Ni zan je in faɗa wa Tela da bakina, ba zan ce ka ɓata ba, ba zan ce takarda ta ɓace a hanya ba, kuma ba za ka ji kalmar zargi daga gare ni ba, yau ko gobe. Kai ke da yara, kai ke da ƙirjin. Ka yi shawara da mamansu, don ita ma abin nata ne.

Mata huɗu sun dawo karatu jiya. Sun ɗauka an gama, har ɗaya ta tambaye ni gwiwa. Ban iya ce musu da saura ba.

Kashi ɗaya na gonar ya yi magana, Auta, biyun suna wurinka. Direba zai juyo ranar Laraba, in ta wuce shi ba za ta iso kafin a rufe ba. Ko wace ce amsar, don Allah ka aiko mini da ita da wuri.

Taka,
Yaya